Bilyaminu na Laraba, Mai Jinyar Dawaki

In an sallame sallar asuba a Wurno, samari kan tsaya bakin masallaci su ɗan taɓa hira. Bilyaminu Halliru ba ya cikin masu tsayawa. Gida yake komawa ya gaida mahaifiyarsa Laraba, ya sha kunu a tsaye, ya rataya jakar buhu mai ɗauke da wuƙar gyaran kofato da gishiri da kanwa da tsumma, ya nufi fadama. Yana aikin albasa a gonar mutane har rana ta take. Daga nan kuma sai inda aka kira shi: yau Lahodu, gobe Maikujera, jibi Rara, duk inda doki ko jaki ya kwanta.

Shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A hannun mahaifinsa ya koyi dawaki, kuma da tsohon ya rasu abin da ya bar masa shi ne wata tsohuwar goɗiya fara mai suna Kili. Sa'o'insa kuwa sun watse. Wasu na kabu-kabu a Sakkwato, wasu sun gangara kudu, waɗanda suka rage hirarsu ta ƙwallo ce da babura. In ya zauna cikinsu ya soma bayanin yadda ake gane ciwon ciki a kunnen doki, sai ya ga kowa ya koma kan wayarsa. A hankali ya daina zuwa. Da yamma sai ya zauna gindin turken Kili yana saƙa ragama da igiyar rama, yana ba ta labarin inda ya wuni.

"Kai da wagga dabba," in ji Laraba wata rana, "ban san mi kuka cewa juna ba."

"Ita tana saurare, Inna," ya ce.

Burinsa ɗaya ne, ya zama likitan dabbobi. Mutum guda ne ya ɗauki burin da gaske, Malam Rufus, wani jami'in lafiyar dabbobi mutumin Zuru da ke aiki a Rabah. Shi ya koya masa yin allura da wanke miki, shi kuma ya matsa masa ya sake zaman jarrabawar da ya faɗi a baya.

A daminar bara Malam Rufus ya kira shi ya ce akwai wani doki a Goronyo da shi ba zai samu sukunin zaman jinyarsa ba. Mai dokin wani dattijo ne, Baba Attahiru. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyensu, ya ɗora matarsa marar lafiya a kan dokin ya ja su ta cikin daji. A hanya kututture ya yage cinyar dabbar. Sun iso Goronyo, amma matar ba ta daɗe ba ta cika. Bilyaminu ya iske tsohon a wani kango, dokin na tsaye da ƙafa uku, mikin ya yi tsutsa, ƙudaje sun rufe shi. Mutane sun riga sun ba shi shawara ya rabu da shi tun yana numfashi.

"Ɗana, kada ka ɓoye mini," in ji Baba Attahiru. "Shina tashi?"

"Ban sani ba, Baba. Amma ba ni tahiya sai mun gani."

"Shi ya ɗauko ta," tsohon ya ce, ya kau da kai. "Ba ni da kowa da ya san gidanmu sai shi."

Bilyaminu ya shimfiɗa tabarma a kangon. Mutanen unguwar sun shaida abin da ya biyo baya. Sun gan shi yana tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya, yana wanke mikin da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma. Sun ga ranar da dokin ya harbe shi a haƙarƙari, ya zauna ya huta, ya sake matsowa yana masa magana a hankali. Sun gan shi yana bin gonaki yana roƙon ɗanyar ciyawa. Da ruwa ya sauko ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe cinyar. Ya yi niyyar kwana kaɗan, sai ga shi mako ya shige wani.

Ranar da dokin ya soma taka ƙafar, a ranar aka kira Bilyaminu daga gida. Kili ta ƙi cin abinci tun jiya, tana birgima. Laraba ta ba ta kanwa yadda ta ga yana yi, abin bai yi ba. Motar da ya samu ta daɗe tana jiran fasinja, ta kuma tsaya a kowane shinge. Ya iso bayan la'asar ya tarar da mahaifiyarsa zaune a ƙofar ɗaki, hannu a kumatu.

"Na yi abin da na sani," ta ce.

"Na sani, Inna."

Ya nemi amalanke ya kai gawar bayan gari. Wani mai wucewa ya ce masa ya bar wa ungulu mana, wa ya taɓa yi wa dabba kabari. Bilyaminu ya haƙa rami shi kaɗai a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rufe ta, ya dawo. Ba a zaman makokin goɗiya, don haka babu wanda ya shigo. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya san ciwon, ya sha warkar da irinsa a turken wasu. Washegari ya koma Goronyo, domin mikin can bai gama rufewa ba.

Sai da kaka ta yi, ana yankan gero, aka yi sallama a ƙofar gidansu. Baba Attahiru ne, ya hawo dokin nan tun daga Goronyo, yana tafe yana hutar da shi. Ya sauko da ƙyar, ya zauna a tabarma, ya ɗaga hannu kamar yadda ake yi a gidan rasuwa.

"Na ji abin da ya hwaru kana wurina," ya ce. "Na zaka in yi maka gaisuwa. Allah shi ba ka haƙuri."

Laraba ta ce ranar ce kaɗai ta ga hawayen ɗanta tun rasuwar mahaifinsa.

Kai ne, Bilyaminu, ka zauna da ciwon wani alhali naka na jiranka a gida. Kai ne ka gane cewa a wannan ƙasa tamu, in aka ce dokin talaka ko jakinsa ya faɗi, ruwan gida ne ya tsaya, amfanin gona ne ya kwana a daji, marar lafiya ne ya rasa abin da zai kai shi asibiti. Abokin marasa baki, ba ka taɓa tambayar ko na wane ne ba kafin ka durƙusa.

A bana ya ci jarrabawar, an kuma ba shi gurbin karatun lafiyar dabbobi. Malam Rufus ne ya buga masa waya ya sanar da shi, Bilyaminu na kan hanya tsakanin Rabah da Wurno, a ƙafa. Ya tsaya ya dubi gabas da yamma, ba kowa sai karan dawa. Ya yi sujada a gefen hanya, ya kakkaɓe goshinsa, ya ci gaba da tafiya, don akwai jakin da ke jiransa a gaba.

Mun gode, Bilyaminu. Allah ya ba ka abin da za ka je nema, ya dawo mana da kai. Ku kuma samarin Wurno da Rabah da Goronyo, turakun da yake zagayawa za su yi jiran hannu in ya tafi, kuma aikin ba ya bukatar komai da farko sai mutum ya yarda ya durƙusa ya duba. Ya ce zai koya wa duk wanda ya zo. Ku je tun bai ɗaura kaya ba. In ma ba za ku koya ba, ku tsaya ku ce masa sannu da aiki. Bai saba ji ba, zai sunkuyar da kai. Ku faɗa masa duk da haka.