Takalmin Rifkatu a Bakin Kwamin Iyo

Takalmin 'yata Rifkatu na tsinta a bakin kwamin iyo, a gidan Baturen da nake wa aikin lambu a Kafanchan, shekarun 1970. Ruwan ya yi kore shar da gansakuka, ba a ganin ƙasa.

Na faɗa ciki ina lalube, ko iyo ban iya ba.

Matata Saratu na ihu: "Baban Rifkatu, ka taɓo ta?"

"Ke dai yi addu'a!"

Sai ga kukun gidan daga kicin, riƙe da hannun yarinyar, bakinta duk suga.

Ina kuka na zubar da ruwan nan, na kankare kwamin tas.

Yanzu Rifkatu ma kaka ce, amma har yau tsoron ranar nan bai sake ni ba. Ku fa, wane tsoro ne ya ƙi sakin ku?