Motar da Yaya Habu Ya Auna da Makara

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Habu Fanel-bita, wanda ya ƙare rayuwarsa yana miƙe jikin motocin mutane a garejinsa na bakin hanyar Mai'adua, a nan Daura. Duk shekara idan watan ya zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba, domin a watan jiya aka yanka motarsa, kuma a gabana aka yanka ta. Ni direba ne, karatuna bai wuce firamare ba. Zan kawo maganar daki-daki yadda ta faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Farko, dalilin motar. Mahaifiyarmu, Inna, ta rasu a asibiti a Katsina. Muka fito neman motar da za ta kawo ta gida. Direban farko da ya ji gawa ce, sai ya ce motarsa ba lafiya. Na biyu ya ce mai motar ya hana. Na uku ya yarda, amma motarsa ƙarama ce, kujerar baya ba ta kai tsawon mutum ba, Inna kuwa doguwar mace ce. Sai da aka lanƙwasa mata gwiwoyi kafin ƙofa ta rufu. Yaya Habu ne ya lanƙwasa su da hannunsa, ya durƙusa tsakanin kujeru yana riƙe da ita har muka shigo gari. Bai yi kuka ba. Bayan an watse daga zaman makoki ya kira ni gefe ya ce, "Lawal, in dai ina numfashi, ba za a sake naɗe uwar wani a unguwar nan kamar tabarma ba."

Sai motar kanta. A garejin akwai wata ƙirar Turai mai ƙofa biyu, irin mai gajeren rufi da ke zamewa ya gangara baya. Wani ɗan kasuwa ne ya shigo da ita ta kan iyakar Kongolam lokacin yana tashe. Shuɗiya ce, da kujerun fata, idan ta wuce kowa sai ya waiga. Wata babbar mota ta daki bayanta ta murƙushe but ɗin, mai ita ya gaji da neman kayan gyara ya bar wa Yaya ita. Injinta lafiya lau. Mutane suka yi ta ba shi shawara ya miƙe bayan, ya yi fenti, ya sayar ya gina shago. Ya ce yana da aikin da zai ba ta.

Wata safiya ya je wurin liman ya ari makarar masallacin unguwa. Ni da shi muka ɗauko ta ba kowa a ciki, muka bi titi da ita har gareji. Masu wucewa suna tsayawa suna salati, suna tambayar wa ya rasu, Yaya yana ce masu babu kowa tukuna, awo za mu yi. Ya ajiye ta a gefen motar, ya ja layi da alli a ƙasa daga kanta zuwa ƙafarta, ya ƙara taƙi ɗaya. Na ce masa ga tef a aljihunsa. Ya ce ita makarar an riga an auna ta da mutanen unguwa gaba ɗaya, babba da yaro, ba ta taɓa gazawa ba.

Ga yadda aikin ya tafi, domin ina so a san ba kayan wasa aka yanka ba. Ya fara cire kujeru da gilasai da tankin mai. Sannan ya gicciya rodi a cikin motar daga wannan gefe zuwa wancan ya yi masu walda, domin ya ce mota idan ka raba ta da rufinta sai ta saki jiki ta karkace, ƙofa ba za ta sake rufuwa daidai ba. Bayan nan ya yanke rufin daga bayan ginshiƙin ƙofa, ya jefar da murƙushasshen but. Ya tafi Kano wurin masu gwangwan ya sayo rufi da ƙofar baya na wata matacciyar wagon. Da aka ɗora, rufin ya fi motar faɗi. Da wani ne, daddanne shi zai yi ya cike da fila, ƙullin nan da ake lafta wa jikin mota. Yaya ya tsaga shi biyu a tsaye, ya zare siririn yanki daga tsakiya, ya sake haɗewa. Ya ƙara wa ƙasan tsawo da fallen ƙarfe mai kauri, ya ƙarfafa ƙashin bayanta, ya canza sifirin ɗin baya da masu ɗaukar nauyi. Duk inda ya haɗa ƙarfe da ƙarfe sai ya bi da guduma a hankali, ya narka dalma ya shafe, ya goge, don ya ce fila damina biyu take yi ta fashe. Da ya zo mayar da kujeru, bai mayar da ta gefen direba ba domin kan mutum ya samu wuri, ya bar guda ɗaya a bayan direba saboda mai jinya. A ƙarshe ya mayar mata da shuɗinta.

Aikin ya ci rani ya ci damina, kuma ya sha ba'a. Wanda ya fi kowa tsokana shi ne Malam Sule tela, maƙwabcinmu, abokin Yaya tun suna yara. Kullum sai ya zo da goronsa ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallo.

"Habu, ni dai ka ajiye mini kujerar gaba."

"Na cire ta, Sule. Kai a kwance za ka tafi. Ranar ce za ka fara yin tafiya ba surutu."

Ranar da aka gama, aka sake ɗauko makarar, aka zura ta ta ƙofar baya. Ta shige, ƙofa ta rufu ba ta taɓa komai ba. Mutanen unguwa sun cika garejin, Malam Sule yana sahun gaba. Yaya ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ku shaida. Motar nan ba tawa ba ce, ba ta 'ya'yana ba ce. Ta unguwa ce saboda Allah, ladan ya kai wa Inna." Kowa ya ce ya shaida. Aka shafa fatiha.

Daga nan ta shiga aiki, ni ne mai tuƙa ta mafi yawan lokaci. Ba wanda ya taɓa aron ta don biki, wasu ma idan ta wuce kau da kai suke yi. Amma idan naƙuda ta yi gardama, ko babur ya karya wa wani cinya, ko tsoho ya faɗi a wani ƙauye can wajen Baure, ƙofar Yaya ake bugawa. Mai kawai ake zubawa, wanda ba shi da shi Yaya ya zuba. Gawar mahaifin Malam Sule a cikinta ta dawo gida. 'Yar Malam Sule a cikinta ta tafi asibiti da jini, ta dawo da jariri. Ba na faɗi don gori ba, na faɗi ne don a riƙe shi saboda abin da ke tafe.

Hayaƙin walda da fenti suka ci ƙirjin Yaya. Shi ma a Katsina ya cika, ni na tuƙo shi a cikin motar. A hanya na duba ta madubi, ƙafafunsa a miƙe, da sauran taƙi ɗaya.

Sai ranar rabon gado. Malamin da ke rabo ya lissafa motar cikin dukiya. Ni ƙane ne, ga 'ya'ya maza, ba ni da ko allura a ciki, ba abin da nake nema wa kaina. Na miƙe na ce motar waƙafi ce, ba a rabonta. Malamin bai zalunce ni ba. Ya ce takardunta sunan mamaci ke jiki, a hannunsa take har ya rasu, saboda haka in kawo shaidu. Na juya na dubi zauren, cike da mutanen da suka shafa fatiha a gareji. Malam Sule ya tsura wa tabarma ido, ya ce abin ya daɗe, kuma shi ba ya son shiga tsakanin marayu da dukiyarsu. Wani ya ce yana wurin, amma hayaniya ta hana shi ji. Sauran suka yi ta jan carbi. Da aka fito suka kewaye ni suna ba ni haƙuri, wai kara suka yi wa yaran, wai bai dace a ce ubansu bai yi sanyi a kabari ba ana ƙwace masu mota. Sun yi wa masu rai kara, suka bar mamaci da maganarsa a ƙasa. Wannan halin namu ne, kuma muna kiran sa kunya, har muna alfahari da shi.

Motar ta faɗa rabon Bashir, babban ɗansa. Gaskiya ɗaya ce, yaron bai hana kowa ita ba. Amma taya ta suɗe, batir ya mutu, aka zagaya unguwa a taimaka, sai kowa ya ce ai motar Bashir ce, Bashir ya gyara. Bakin da ya ƙi cewa ta unguwa ce a gaban malam, shi ne yanzu ya samu hujjar zare hannu. Ta zauna ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a wurin da kan Yaya ya kwanta.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya leƙo yau. Garejinsa ya zama shagon cajin waya. Masu sana'arsa na yanzu, in ka cire kaɗan, ba sa miƙe ƙarfe, fila suke lafta wa mota kamar masu yaɓe, su fesa fenti kafin ta bushe. Ta'aziyya ta koma cikin waya, mutum ya tura hoton mamaci da addu'a ya ci gaba da cin abincinsa. Kuma har yau, idan ka tsaya a bakin asibiti, za ka ga mutane suna bin direbobi suna roƙo ƙasa-ƙasa, kamar yadda muka yi ranar Inna. Ina jin ba zai ce komai ba. Zai je neman alli ne ya sake auna makara.

A wayar ne ma wani saurayi daga Abuja ya ga hoton motar. Ya zo da babbar motar ɗauka da mai yankansa. Ya zagaya ta yana girgiza kai, ya ce irin waɗannan masu ƙofa biyu sun yi wuya yanzu, kuma duk wanda ya yi mata wannan aika-aika ya lalata ta. Ya riga ya samo rufi da but na asali daga waje. Gaban yake so, bayan ba shi da amfani a wurinsa, a nan zai yanke ya bari.

Bashir ya same ni a gida, bai iya haɗa ido da ni ba. "Baffa, yara sun yi yawa, babur ɗin ya gaji. Adaidaita nake so in saya. In akwai mutum biyu da za su tsaya su ce Baba ya bayar da ita, wallahi na fasa."

Na sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na fara da na Malam Sule. Duk inda na je, amsa ɗaya ce: Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ranar yankan na je na tsaya. Mai yankan ya yi ta shafa rufin da tafin hannu yana neman mahaɗa bai samu ba. Da ya gaji sai ya ja layi da alli yadda ya ga dama, a karkace, har ya ci cikin ginshiƙin ƙofa. Ya tayar da injinsa. Na ce ya dakata. Na karɓi allin na goge nasa, na ja layin a inda mahaɗar take, daga wannan gefe zuwa wancan. Yaya bai taɓa jure ganin karkataccen yanka ba, ba zan bari a yi wa aikinsa shi ba. Injin ya shiga, dalmar ta fito fara fes, ba ɗigon tsatsa. Suka ɗora gaban suka tafi.

Makon jiya ɗan Malam Sule ya buga mini ƙofa. Ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye, sai an kai shi Katsina, ba ya iya zama. Ƙaramar motar haya muka samu, ni na karɓi tuƙin. Muna ƙoƙarin shigar da shi kujerar baya, ƙafafunsa suna waje, sai ya riƙe mini hannun riga da hannunsa mai lafiya. Bakinsa a karkace, amma na gane abin da ya ce.

"Lawal, na ji abin da Habu ya faɗa ranar. Ba kalmar da ban ji ba."

"Na sani, Malam Sule. Bari in lanƙwasa maka gwiwa, ƙofar ba za ta rufu ba."

Yana asibiti har yanzu, ina roƙon Allah ya ba shi lafiya, kuma da gaske nake.

To me ya rage na Yaya Habu? Akwai yara a unguwar nan da ke tafiya makaranta, waɗanda da ba don motarsa ba da su da iyayensu mata ba su kai labari ba. Ba su san sunansa ba, ba kuma wanda zai gaya masu. Akwai ladan, wanda ba ya buƙatar shaidarmu. Sai kuma rufin da aka bari a ƙasa. Na roƙi Bashir ya ba ni, na kai shi bayan masallaci inda ake ajiye makara, na kafa masa ƙafafu don ya tare mata ruwan sama. Ya rufe ta daga kai zuwa gwiwa. Sauran yana Abuja.

Allah ya jiƙan Yaya Habu da Inna, ya yalwata masu kabarinsu yadda za su miƙe.