Takardun da ke Ƙarƙashin Gadona

Mahaifiyata ce ta ja min. A wani taron suna a unguwar Maamobi ta buɗe baki ta ce 'yarta na karatun ɗaukar ma'aikata, wai nan gaba sai wanda na sa wa hannu zai samu aiki. Ni kuwa akawu ce kawai a wani kamfanin ruwan leda a unguwar Madina, ina fama da jarrabawar ƙwarewa kan kula da ma'aikata. Sau biyu ina faɗuwa, manaja kuma ya ce in na sake, kujerar da nake hari ta wani ce.

Lahadi kaɗai gare ni ta karatu. Da na buɗe littafi sai in ji sallama. Mata ne, kowacce da ambulan a ƙarƙashin mayafi, takardun makarantar ɗanta ko 'yarta. A unguwarmu Nima ba a ce wa baƙuwa ana karatu. Sai ki kawo ruwa, ku gaisa har kan jikoki, sannan ki raka ta bakin titi. Kafin in dawo wata ta zauna a kan tabarmata. Wata guda na yi a babi ɗaya, wanda ke cewa kada a ɗauki mutum aiki don sanayya. Haushi kamar in yi kuka.

Na ce wa mahaifiyata, "Mma, don Allah ki faɗa musu gaskiya."

Ta ce, "Wato in ce musu ni maƙaryaciya ce?"

Nan maganar ta mutu. Takardu suka yi ta taruwa a ƙarƙashin gadona.

A cikin trotro, motar haya, na ga sakamakon jarrabawar a waya. Na sake faɗuwa. Da na iso gida na tarar da tsohuwar da ke sayar da koko a lungunmu tana jirana, riƙe da ambulan, gefensa duk maiƙon ƙosai.

Ta ce, "Yarona ya gama makaranta shekara huɗu, yana zaune. Kullum ina maki addu'a ki ci. Kin ci, ko?"

Na dubi Mma, ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce Allah ya sa a dace. Sannan na zura takalmi na raka ta har bakin titi.