Sau Ɗaya Suka Tambaye Ni

Sai lokacin tsagar citta muke samun bakin Kaka. Sauran watanni tana gona tun da sassafe, ta dawo ta ci tuwo ta miƙe, ba ta da lokacin kowa. Amma idan aka haƙo citta aka tara ta a tsakar gidanmu, can ƙauye bayan Fadan Kagoma, dole kowace mace ta ɗauki wuƙa bayan abincin yamma. A hura wuta, a tura gwaza cikin toka, mu jikoki mu kewaye tulin. Citta tana cin hannu, balle in kina da ɗan yanka a yatsa. Don kada mu gudu ne Kaka take ba mu tatsuniya, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Da ta ji wuƙar wata ta yi shiru, ita ma sai ta yi shiru, har sai an ci gaba.

Da yarenmu take yi, ni ce nake juya muku da Hausa. Ta gyara zama, ta jefa ɓawon gwaza a wuta, ta ce, "Wannan ya faru tun duwatsun nan suna da taushi."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta matar bakin rafi. Wata shekara fara ta cinye gonaki, yunwa ta sa mutane suka dafa har irin acca da suka ajiye. Ruwa ya sauka, babu abin shukawa. Ashe wata mata da mijinta ya mutu, mai ɗingishi, ta liƙe irinta a ƙaramar tukunya ta binne, ita da 'ya'yanta suna cin ganye. Da asuba ta bi ƙofa ƙofa tana ajiye wa kowane gida tafin hannu ɗaya. Aka shuka, aka girbe, gari ya rayu. Mai gari ya tara jama'a ya ce, wa ya yi wannan? Za a ba shi riƙon rumbun gari. Matar ta sunkuyar da kai. Wani mai babbar murya ya miƙe ya ce shi ne. Mai gari ya sake tambaya, ta ƙara sunkuyawa. A ta uku matan garin suka tashi, don sun ga sawun ɗingishinta a ƙofofinsu, suka ɗauke ta cak tana turjewa, suka dire ta a gaban mai gari.

A nan Kaka take nuna mu da tsinin wuƙa. "Kun ji ko? Ba ta buɗe baki ba. Mace ba ta kiran sunanta da bakinta. Ke Hannatu, da ke nake, bakinki ya fi hannunki sauri."

Sai a kwashe da dariya, ni kuma in haɗiye. Ina son tsohuwar nan. Tana tura mini gwazar da ta fi nuna in ta ga na yi fushi. Abin da ta faɗa kuwa na ɗauke shi kamar yadda na ɗauki Dokoki Goma.

Ban je makaranta da ƙuruciya ba. Yayyena maza aka kai, ni aka bar ni da citta. Ina da shekara talatin da uku, da ɗana Dauda goye a bayana, na shiga ajin manya a Kafanchan. Na yi ta gaba da taurin kai har na sami takardar koyarwa, aka ba ni ajin da na fara zama a cikinsa. Mata shida na tarar, biyu ma barci suke zuwa yi. Ni na mayar da lokacin darasi bayan tashin kasuwa. Ni na bi mazajen gida gida, na sha zagi a ƙofar wasu. Ni na zauna da wata Hajiya mai sayar da manja har ta yarda ta kawo 'yan layinsu. Cikin 'yan shekaru benci ya kasa, muna aro daga coci.

Sai aka buɗe gurbin mai kula da dukan azuzuwan manya na yankinmu. Aka kira mu intabiyu. Mutum uku suka zo daga hedikwata, ba wanda ya taɓa taka ajina a cikinsu. Na tsakiyar ya dubi takardata ya ce, "Madam Hannatu, me kika yi da kike ganin kin cancanci wannan kujera?"

Na sunkuyar da kai yadda aka koya mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban yi komai ba. Aikin Allah ne da na 'yan'uwa. Akwai waɗanda suka fi ni."

Ya rubuta. Da idona na ga ya rubuta. Ya ce, "Mun gode, turo mana na gaba."

Ban tashi ba. Ina zaune ina jiran tambaya ta biyu. Sai da ya ɗago ya ce, "Akwai wani abu ne, Madam?" sannan na gane an gama. Matan da suka san aikina kuwa suna kan benci a waje, kowacce rungume da nata fayil.

Wani Mista Yohanna aka ba kujerar. Ya shiga da kundin hotuna, kuma daga baya na ga hotunan. Ajina ne, matana ne, allona ne, shi kuma yana tsaye a gaba da alli a hannu. Ranar da aka aiko shi ya kawo mana kwalin alli ya sa aka ɗauke shi. Shekara tara na yi a ƙarƙashinsa. Ni nake rubuta rahoto, shi yake sa hannu, shi ake kira Kaduna a tafa masa. In ya dawo ya ce, "Mama Dauda, Allah yana ganin aikinki." Wata rana na ce masa, "Allah yana gani, Oga, amma ba shi ne yake sa hannu a takardar ƙarin girma ba."

Na daɗe ina fushi da Kaka, tana kwance a kabarinta ba ta sani ba. Na ce tsohuwar nan ta ɗaure mini baki ta tafi. A wajen zaɓen Zumuntar Mata na cocinmu fushin ya canja wuri. Aka ambaci wata a shugabanci, ta ce ba ta isa ba. Mata suka yi mata ca, wata ta fara lissafa marasa lafiyan da ta yi jinya, wata ta ja ta da zane zuwa gaba. Ina kallo sai na gane. Ashe shirun nan rabin yarjejeniya ne. Ke ki yi shiru, waɗanda suka ga aikinki su yi magana. Kaka ta girma a inda kowa ya san sawun kowa. Ofis ya karɓi rabin da ya yi masa daɗi, wato shirunmu, ya watsar da ɗaya rabin. Kuma har yau ana koya wa 'yan mata sunkuyar da kai, ba wanda yake koya musu tashi don wata. Ni kaina mata nawa na ga an danne ina zaune, ina kiran abin ladabi?

Da Mista Yohanna ya yi ritaya na sake shiga ɗakin intabiyun nan. Na yi magana har na tsakiyar ya dubi agogo sau biyu. Kowace jimla da "ni" na fara ta. Labari ya riga ni isa coci. Wata ƙawata ta tare ni ta ce, "Mama Dauda, ashe ke ma kin fara tallan kanki kamar mai magani a mota?"

Na ce, "Je kasuwa ki tambayi masu karanta rasit da kansu ko maganin ya yi aiki."

Na sami kujerar, saura shekara huɗu in yi ritaya. Kada wanda ya ce mini wai komai da lokacinsa. Lokacinsa ya yi tun shekara tara da suka wuce, wani ya zauna a kai.

Watan jiya muna taro da wani babba daga hedikwata, ya tambayi wa ya kawo dabarar kai darasi wurin masu shanya citta a hanyar Kachia. Malama Rifkatu ce, ɗaya daga cikin malaman da ke ƙarƙashina, yarinya mai aiki kamar ba ta gajiya. Na ga ta dubi ƙasa. Na ga wani saurayi a gefenta yana gyara murya. Na ce, "Rifkatu ce, ranka ya daɗe. Ita kaɗai, da kuɗin motarta. A rubuta sunan." Ta mintsine ni ta ƙarƙashin tebur.

Da aka tashi ta biyo ni ofis. "Haba Mama, kin ba ni kunya a gaban mutane."

Na ce, "Yau ina ɗakin. Ranar intabiyunki ba za a bar ni in shiga ba. Ja kujera. Faɗa mini abin da kika yi a hanyar Kachia."

Ta zauna, ta murza yatsu, ta ce, "To, da taimakon abokan aiki..."

Na ce, "Sake."