Hoton da Ya Ƙi Wuce Goshi

Har yau idan aka yabi Baffa, wan mahaifinmu, da taka-tsantsan, raina ɓaci yake yi. Matsoraci ne kawai mai babban rawani.

A shekarun da sojoji ke kamen samari a tashoshin mota suna tura su yaƙin kudu, yayana ya sulale ya tafi Libiya, ya bar mu a gidan gado a Omdurman. Ba ya bugo waya, don kowa ya san ana sauraro. Ina aikin buga takardu a Khartoum, sai na sayi tsohuwar kwamfuta ta tebur na haɗa ta da layin wayar gida, ya riƙa turo saƙo ta nan. Wata rana ya turo hotonsa, na farko tun tafiyarsa, ya ce kada in kuskura in buɗe shi a shagon intanet. Lokacin ciwon suga ya fara cin idon Inna, mahaifiyarmu, kuma likita a asibitin Soba ya gaya mana kullum ganinta raguwa zai yi.

Hoto a wancan zamanin daga sama yake saukowa, a hankali. Idan na dawo aiki da la'asar sai in zaunar da Inna gaban kwamfuta. Bango ya fito, gashi ya fito, goshi ya fara, sai layi ya katse. In sake haɗawa, a koma farko. Gajeren saƙo kan wuce wani lokaci, hoto kuwa bai taɓa kaiwa gira ba.

Babu abin da ban yi ba. Na canja igiya, na buɗe akwatin na hure ƙura. Wani mai gyara daga unguwar Kalakla ya goge komai ya sake ɗorawa, ya sha mana shayi, ya ce zafi ne ya yi yawa. Na ɗauke fankar ɗakina na kafa wa kwamfuta, ni ina kwana cikin gumi. A ofishin waya suka ce layinmu lafiya lau. Daga ƙarshe na ɗora laifin kan maƙwabcinmu da ake raɗe-raɗin yana kai rahoto, har na daina gaida matarsa.

Ran nan hoto na saukowa Inna ta ce in kai wa Baffa shayi a diwan, ɗakin baƙin maza, inda akwai waya ta biyu a kan layi ɗaya da tamu. Na tarar da shi tsaye, kan waya a kunne, har da ɗan rusunawa.

"Salamu alaikum ya jama'a," yake cewa. "Gidan nan 'yan kasuwa ne. Ba mu da kowa a waje. Allah ya taimaki hukuma."

Ashe duk lokacin da na haɗa layi wayarsa takan yi ɗan ƙara. Ya ɗaga, ya ji kukan na'ura, ya ɗauka jami'an tsaro ne suka kunna abin naɗar magana. Ɗagawar nan ce ke katse ni.

"Baffa, kwamfutata ce. Hoton Yaya nake sauke wa Inna."

"Ya bit, ke yarinya, rufe min baki. Ni zan gaya miki kukan na'urar amni, 'yan tsaro. Kina so a rufe min shago a kasuwar Suk Libya saboda hoto?"

"Idonta tafiya yake yi, Baffa."

"Ido na Allah ne. Kalas, magana ta ƙare."

A ranar ya zare igiyar da ta shiga kwamfutata, ya haɗa ta da wayar ya kulle a kabad. Na yi kuka, na tura masa manya, ya ce shi ne babba. Na tsane shi, kuma ban ɓoye ba. Shayinsa ma wata ke kai masa tun daga nan.

Sai da aka yi watanni sannan ya tafi gaisuwar mutuwa jihar Jazira. Na ɓalle kabad ɗin da wuƙar kicin, na ɗauko igiyar na haɗa layi. Hoton ya sauko tsaf har ƙasa: Yaya a bakin wani gareji, ya tara gemu, yana murmushi.

Na kamo hannun Inna na zaunar da ita. Ta matsa har hancinta ya taɓa gilashin, ta daɗe a haka, ta shafa shi da tafin hannu. Sannan ta juyo wajen da take jin numfashina.

"Ke gaya min," in ji ta. "Ya rame ne?"