Ratar da Ke Bayan Katako

Shekara ashirin da wani abu ke nan da na bar Madina, na yi furfura, na aurar da 'ya'ya, amma akwai abu guda da ya ƙi barina, kuma na san ba zai bar ni ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Ban taɓa ba wa kowa labarin ba, har mai ɗakina. Yau zan faɗa, ba don ya amfani wanda ya kamata ya amfana ba, sai don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofishin zanen gine-gine, ni ne mai tsara cikin gida. Matashi ne ni daga Kano, da takardar digiri da kai mai kumburi. In ka ce mini zanena yana da gyara, to ranar mun ɓata. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, take hannunsa, shi ne mai ofishin. Shi ya kawo mana aikin wani attajiri da yake son buɗe gidan cin abinci a unguwar Sultana, a ƙasan wani bene, kuma yana son wurin ya bambanta da na kowa.

Ina da wani tsohon littafi da na tsinta a shagon kayan gwanjo a Jidda, cike da hotunan manyan jiragen ruwan da Turawa suka ƙera a farkon ƙarnin da ya wuce, masu ketare tekun Atilantika tsakanin Turai da Amurka. Littafin nan ya shiga raina ƙwarai. Mutanen nan sun gina jirgi ne don wanda ke ciki ya manta a kan ruwa yake. Ga matattakala mai faɗi da take rabuwa biyu a sama, ƙarƙashin rufin gilashi mai launi. Ga ɗakin cin abinci da ginshiƙai da fitilun tagulla, bango duk katako ne mai duhu an sassaƙa masa furanni, an goge shi har kana ganin fuskarka. Har murhu suka yi a falon, kamar a gidan sarauta. Wannan duk na masu kuɗi ne a sama. Talakawan da suka bar ƙasashensu neman abinci suna can ƙasa a gadajen ƙarfe, kuma hotonsu ɗaya tak ne a littafin, ni ma ban taɓa tsayawa a shafin ba. Na nuna wa attajirin hoton ɗakin cin abincin, ya ɗora yatsa a kai ya ce wannan yake so, kuma a gama kafin watan azumi.

Matsalar ita ce sassaƙar. Muka zagaya warshoshin Sultana, kowa ya kalli hoton ya girgiza kai, har wani ya ce mu je unguwar Ranuna, can wajen Ƙuba, akwai wani tsohon kafinta Bahaushen Sudan da ake kira Mu'allim kawai. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyara ƙafar kujera. Siririn dattijo ne, ya haura saba'in, bayan hannunsa na hagu duk tabon ƙuna. Bayan mun gaisa na buɗe masa littafin ina ta zuba bayani kamar ni na ƙera jirgin. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Muhandis," wato injiniya, "ka taɓa shiga irin wannan?"

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "Ni na yi shekara huɗu a cikin ɗaya."

Ashe jiragen nan in sun tsufa, Turawa sun gama yayinsu, sai a sayar da su ga masu jigilar kaya da alhazai. Ɗaya daga ciki ya ƙare a Bahar Maliya, kuma Mu'allim yana saurayi ya yi aiki ƙarƙashin kafintan jirgin. Ya ce ya tarar da ɗakin nan mai ginshiƙai an kwashe teburan an shimfiɗa tabarmi, alhazai suna shanya harami a kan sassaƙar matattakala. Ya gaya mini abubuwan da littafina bai faɗa ba: cewa kujerun a ɗaure suke da ƙasa, cewa kowane tebur yana da ɗan baki don kada kwano ya zame, cewa babu layi ɗaya miƙaƙƙe a cikin jirgi, komai a ɗan lanƙwashe yake, don haka kowane allon katako da nasa awon. Na ji daɗin hirar, amma wani ɓangare na zuciyata ya ji haushi, don na zo a matsayin masani na koma ɗalibi.

Ya karɓi aikin, kuma wallahi hannunsa abin kallo ne. Rigimarmu ta fara ranar da aka zo kafa allunan bango. A zanena na bar rata kamar tafin hannu tsakanin siminti da katako, tun daga ƙasa har silin, zagaye da ɗakin, yadda na gani a zanen da ke cikin littafin. Ta yi mini daidai, don na tura dukkan wayoyin lantarki ta ciki, ba sai an fasa bango ba. Mu'allim ya zura hannu cikin ratar, sannan ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ɗana, ka san dalilin wannan rata a jirgi? Ƙarfe yana gumi. In katako ya taɓa shi sai ya ruɓe, dole suka bar fili. Simintin Madina ba ya gumi. Ka kwafo lalurarsu, kana zaton ado ne."

Daga nan ya ba ni labarin tabon hannunsa. Wata rana da hantsi suna tsaye a tashar ruwa, wuta ta tashi a bayan katakon ɗakin cin abincin. Babu wanda ya gan ta. Bangon yana sheƙi abinsa, ita kuwa tana gudu a baya, ratar tana zuƙo mata iska daga ƙasa. Da aka ankara ta ɓullo a wuri uku lokaci guda. Hayaƙin ya sauka ƙasa inda marasa ƙarfi suke kwance, kuma shi da hannunsa ya fito da gawa, ciki har da ta maigidansa, kafintan jirgin. Ya ce a cire allunan, a toshe ratar da jibis, farin kwaɓin nan da wuta ba ta ci, taki biyu-biyu, a sa wayoyin cikin bututu. Aikin kwana goma sha biyar.

Kwana goma sha biyar ɗin ne ba ni da su. Kuma in na yarda, na yarda zanena kuskure ne a gaban kafilina. Na ce masa wancan tsohon jirgi ne, wannan ginin zamani ne, ya bar wa masu karatu abin da suka karanta. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Shi kuwa ya ƙi kafa sauran allunan. Da attajirin ya tambayi dalilin jinkiri, na ce tsohon ne ya cika gardama. Aka sallame shi, aka kawo wasu suka rufe bangon cikin kwana uku.

Bayan sati sai ga shi a ofis. Na ɗauka faɗa ya zo yi. Ya zauna a bakin kujera ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Muhandis, ba aiki na zo nema ba. Abin ne ya hana ni sakat. Bayan bangon yamma gidan haya ne, na ga yara suna wasa a barandar. Ka ba ni makullin ƙofar baya. Tsakanin azahar da la'asar ma'aikata suna hutawa, sai in riƙa buɗe allo ɗaya-ɗaya ina toshewa in mayar. Ba wanda zai gane an taɓa."

Na ba shi. Ba don na gamsu ba, sai don in rabu da shi, kuma in ɗan rage nauyin korar da na jawo masa. Ina miƙa masa na ce cikin raha, "Amma fa Baba, in an kama ka ban san ka ba." Ya yi murmushi ya zura makullin a aljihu.

Ya yi kusan kwana goma yana zuwa da buhun jibis ɗinsa a cikin zafin ranar nan ta Madina. Ya fara da bangon yamma ya gama, ya koma na kudu. Wata Alhamis ina cin abincin rana aka bugo waya ofis. Kafin in isa Sultana an tare titi, hayaƙi baƙi ya turnuƙe, warin man katako yana shaƙe mutum tun daga nesa. 'Yan kwana-kwana sun yi ta fama har kusan la'asar sakaliya. Ranar ne masu lantarki suka kunna na'urorin sanyaya ɗaki don gwaji suka tafi cin abinci. Wutar ta tashi a bangon gabas, ta bi bayan katako ta haye silin, ta sauko ta kan matattakala mai rabuwa biyu da na kwafo daga littafin. An sami Mu'allim a ɗan benen da na yi a cikin ɗakin, kusa da taga da ba ta buɗuwa, don ni na zana ta haka, zagayayya irin ta jirgi. Hayaƙi ne ya kashe shi.

Washegari na shiga tare da masu bincike. Komai ya zama gawayi, sai bangon yamma. Wutar ta lashe fuskarsa ta bar shi tsaye. Na zura hannu ta inda allo ya tsage, na taɓo jibis ɗinsa, bai gama bushewa ba a wasu wuraren. Ta bayan bangon ina jin muryar wata mata tana yi wa ɗanta faɗa.

Masu binciken suna da gawar mutumin da aka kora daga aiki, da makulli a aljihunsa, da kayan aiki da gwangwanin man wanke fenti a gefensa. Attajirin ya ce ai magana ta fito, tsohon ya saci makulli ya dawo ramuwa. Jami'in ya juyo ya tambaye ni da Larabci, a hankali, ko na san yadda makullin ya shiga hannunsa. Kafilina yana tsaye yana kallona. A cikin daƙiƙar nan na lissafa komai: in na ce ni na ba shi, za a tambayi dalili, za a buɗe zanena, iƙamata ta tafi, wataƙila har da ɗauri, ga mai ɗakina da tsohon ciki. Na ce ban sani ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni game da kaina.

Ban tsaya nan ba, na je ta'aziyya Ranuna, don rashin zuwan zai ja ido. Mutane kaɗan ne a kan tabarmar. Magana ta riga ta zagaya, har Hausawan unguwar suna gaisuwa a tsaye suna wucewa. Babban ɗansa, haifaffen Madina, na yi masa gaisuwa da Hausa ya amsa da Larabci bai ɗago kai ba. Ina shirin tashi aka ce uwargidan tana son magana da ni. Na durƙusa a bakin labule.

Ta ce, "Kai ne Muhandis? Malam yana yawan ambatonka, yana cewa yaron kirki ne, zafin kai ne kawai. Shekara hamsin ina tare da shi, ko ashana bai yarda a bari a ƙasa ba. Yanzu ana cewa shi ya sa wuta. Kullum da rana yakan ɗauki buhu ya fita, in na tambaya ya ce wani ɗan aiki ne. Don girman Allah, ɗana, ka san abin da ya kai shi wurin?"

Na ce, "Allah ne masani, Inna. Allah ya ba da haƙuri."

Ta ce, "To. Allah ya yi maka albarka da ka zo."

Wannan albarkar ita ce abu mafi nauyi da aka taɓa ɗora mini. Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita.

Aka rufe binciken da sunansa. Ni kuwa aka ba ni wani aikin, mai ɗakina ta haifi 'ya mace, rayuwa ta ci gaba kamar ba a yi ba. Kullum ina ce wa kaina bari ƙura ta lafa, bari in canja kafili, bari in tara na komawa gida, sannan in je in gaya musu. Sai da na shekara uku, ana saura sati in bar ƙasar gaba ɗaya, lokacin da faɗin gaskiya ba zai ƙara cin mini komai ba, sannan na kama hanyar Ranuna. Wani baƙo ne ya buɗe mini ƙofar. Maƙwabci ya ce tsohuwar ta rasu shekara guda bayan mijin, ɗan kuma an daina ba shi aiki a warshoshi saboda sunan uban, ya kwashe iyalinsa sun koma Sudan, ƙasar da bai taɓa zama ba. Babu wanda ya san garin da suka sauka. Na tambayi wasu a masallacin unguwar, wani dattijo ya ce, "Oh, iyalan tsohon nan da ya ƙona mat'am, gidan abincin nan?" Na buɗe baki in gyara masa, sai aka tayar da salla.

Kuskuren zane kowa yana yi, kuma da shi kaɗai ne da na daɗe da yafe wa kaina. Abin da na koya shi ne gaskiyar da kake bin wani tana da lokacinta, kuma lokacin shi ne sa'ad da faɗinta zai yi maka ciwo. Na jira ta yi mini arha, na kai ta na tarar babu mai karɓa. Matar nan ta mutu tana zaton wataƙila mijinta ya yi, kuma kalma huɗu daga bakina sun isa su raba ta da wannan zato: ni na ba shi.