Huhun Kawu da Kunyar Suruki

Darini

Ana sallame Asuba muka ɗora Kawu Isuhu a kan babur, ni a baya na rungume shi kamar buhun gero. Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya daɗe yana zuƙar taba, har likitocin Katsina suka ce kansa ce, wato ciwon daji, a huhunshi na hagu, amma idan aka yanke wurin da wuri zai iya tashi. Dangi suka zauna, kafin shayi ya huce sun gama magana: ai muna da likita a gida! Mijin ɗiyarshi Binta, Dakta Sani, yana da ɗan asibitinshi a Safana. A wurin mutanenmu likita likita ne, wanda ya yi aikin ƙaba zai yi na huhu.

Batsari zuwa Runka

A tashar Batsari muka samu a-kori-kura. Aka sa Kawu gaba, ni da awaki biyu a baya. Da muka shiga dajin da ake tare mutane sai kowa ya yi tsit, har awakin. A shingen Runka soja ya leƙo ya ce, "Me ka ɗauko?"

Direba ya ce, "Awaki, mara lafiya, sai wancan mai surutun."

Mun tsaya shan shayi, na juya ke nan na ji Kawu yana raɗa wa mai shayi, "Taba kara ɗaya, yaro." Wallahi sai da na daka mashi tsawa, Allah ya yafe mani.

Safana

Nan abin ya zama wasan kwaikwayo. Kawu bai taɓa kiran sunan surukinshi ba, "wannan yaron" yake cewa. Dakta ya durƙusa har ƙasa, suka yi ta gaisuwa kowa na kallon bango. Aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi shanu, ba wanda ya tambayi huhu. Aka ce Kawu ya tuɓe riga a duba shi, ya ƙanƙame babbar rigarshi ya ce sanyi yake ji, ga zufa na ɗiga daga gemunshi.

Kwana biyu muna cin tuwon Binta, Dakta na juya hoton ƙirji yana cewa "bari mu gani." Kawu kau tari yake har da jini. Tsoro ya kama ni. Binta taubashiyata ce, don haka mijinta ba ya tsira daga bakina. Na tare shi a bayan ɗakin magani.

"Dakta, tsakaninka da Allah, huhu nawa ka taɓa yankawa?"

Ya share goshi. "Ko ɗaya. Na dai riƙe wa malamina kayan aiki lokacin ina koyo."

"To me kake jira?"

"Da wane baki zan ce wa Baba ba zan iya ba? Cewa za a yi na ƙi uban matata."

Ashe shi ma kunya ce ta shaƙe shi! Na ce to mu kai shi wani asibitin da ke kusa, na ji suna yi. Ya ce suna yi, amma jefi-jefi. Ya ce binciken likitoci ya nuna inda ake yawan yin wannan aiki an fi tashi lafiya, kuma ba hannun mai wuƙa kaɗai ba ne: mai sa barci, da masu jinya da suka saba, su ke gane matsala tun ba ta girma ba. Ya ce mu wuce babban asibitin koyarwa a Kano, zai buga waya. Na ce shi zai faɗa wa Kawu da bakinshi. Ya shiga, ya durƙusa, ya faɗa wa tabarma. Kawu ya amsa wa rufin ɗaki, "Allah ya yi albarka."

Kano

Muka bi ta Dutsin-Ma a motar haya. Layin asibitin ya fi na gidan mai, sai da muka yi sati uku a gidan wani ɗan garinmu ana gwaje-gwaje. Likitar da za ta yi aikin mace ce, kuma ba ta san kunyar Darini ba. Ta ce, "Baba, tuɓe." Kafin ta rufe baki riga na ƙasa.

An yi aiki. Kwana uku bayan nan wata ma'aikaciyar jinya ta kalli robar da aka sa mashi a ƙirji, ta saurari numfashinshi, ta ruga ta kira likita. Ni da ke zaune a gefe ban ga komai ba. Aka mayar da shi ɗakin tiyata, na fita na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro. Da yamma ya farka yana neman kunu.

Gida

Mun iso Darini da La'asar. Ashe gari ya ɗauka: wai Dakta ya yi kuɗi, ya kori surukinshi. Ga Dakta ya zo tarbar mu, yana raɓe a bakin zaure, masu sannu da zuwa na harararshi. Wani tsoho har ya ce, "Isuhu, haƙuri, haka 'yan boko suke."

Kawu ya ja numfashi da abin da ya rage mashi na huhu. Ya ce, "Da ya yanka ni don gudun bakinku, da ta'aziyya kuka zo yau." Sannan ya ɗaga kai, ya kalli surukinshi ido cikin ido.

"Sani. Matso nan, sa hannu mu ci."

Dakta ya matso, ya sa hannu a kwano. Mun gode wa Allah da ya maido mu lafiya, da duk wanda ya taimaka. Dakta dai loma biyu ya iya yi.